Tagogin da aka toshe da bulo

Tun zuwana Greensboro a Amurka nake jin wai wani attajiri na zamanin da, wanda ya gina wa gari makaranta da asibiti, ya sa an toshe tagogin masaƙarsa da bulo don kada iska ta busar masa da zare. Na ce hassada ce kawai irin ta talaka.

To jiya a kamfanin wankin kayan otal inda nake aiki, zafi ya kayar da abokiyar aikina Hajiya Rabi, 'yar Maraɗi. Na je na wangale ƙofar baya.

Manaja ya taho a guje. "Mista Sani, rufe! Ƙura za ta ɓata zannuwa. Ka manta kamfanin nan ne ya saya wa masallacinku kafet?"

Na ce, "Ban manta ba, ranka ya daɗe. Amma sai mai numfashi yake sujada a kan kafet. In kora ce, kore ni ƙofa tana buɗe."

A buɗe ta wuni. Ko ina da aiki ranar Litinin, Allah masani. Da ku ne, da kun rufe?

Zancen tagogi kuwa yanzu na yarda. Wadda ta ba ni shi a ƙarshe ta yi ƙuruciyarta a masaƙar, tana faɗa tana tsayawa ta ja iskar asibiti ta bututun roba a hanci, don ƙurar auduga ta cinye mata huhu: maƙwabciyata a unguwar Glenwood, tsohuwa Loretta.