Faranti Bakwai Don Baƙin Toranke

Shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira ina koyarwa a firamare a Gaya, kuma a ganina duk garin ba wanda ya kai ni wayewa. Ina da keke, ina da agogon hannu, ina da rediyo mai batir huɗu. Mata kawai ta rage mini, ita ma na samu a Toranke, yarinya mai hankali da muka daidaita da ita. Sai aka aiko mini cewa baffanta da kawunta za su shigo cin kasuwa, za su biyo mu gaisa. Kowa ya san irin wannan gaisuwa. Zuwa za su yi su ga ko malamin makaranta zai iya ci da 'yar mutane.

Mai hankali sai ya sa a tuƙa tuwo, a yanka zakara, a cika akushi. Ni kuwa da boko ya yi wa yawa, na nufi wani tsoho a unguwarmu wanda ya shekara ashirin yana kuku a gidan wani Bature a Kano. Ya ce in kwantar da hankalina, cin manya zai shirya musu: faranti bakwai, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da abin da kaka ta kawo. Romon kabewa, sabuwar gyaɗa, ɗanyar kuɓewa, gasasshen zabo, har a sauka a kan dankali da zuma.

"Malam," in ji shi, "manya ba cika ciki suke yi ba, ɗanɗano suke yi."

Maganar ta yi mini daɗi, har na juya ta da Turanci a raina don in ji yadda take.

Ranar na aro tebur da kujeru biyu daga makaranta, aka lulluɓe teburin da farin zanen gadona. Baƙi suka iso bayan azahar, tun asuba suke tafe, ba abin da ya shiga bakinsu sai goro. Na durƙusa na gaishe su, sannan na ɓace, tunda mai neman aure ba ya tsayawa inda surukai ke cin abinci. Na laɓe a bayan danga ina leƙe.

Kuku ya fito cikin farar riga mai maɓallan ƙarfe, ya ajiye wa kowa romon kabewa a ɗan faranti, wanda ko kaza aka ba wa sai ta nemi ƙari. Ganye ɗaya tak yana yawo a tsakiya, wai ado. Ya ja gefe, ya sa hannu a baya, ya yi tsit, don a gidan Bature kuku ba ya magana a kan masu cin abinci.

Baffa ya daɗe yana duban farantin, sannan ya ce wa kawu, "Malam, ko na wanke hannu ne?"

"A'a, da ɗumi, kuma ga ƙamshin daddawa."

Suka yi bisimilla, suka ɗaga suka kurɓa. Da yake baƙo mai mutunci ba ya suɗe kwano a gidan mutane, kowa ya rage wa yara ɗan abin da ya samu. Shi kuwa kuku, a dokarsa ba a ɗauke faranti sai mai shi ya cinye ya kwantar da cokali a ciki, ga cokulan ko taɓa su ba a yi ba. Suna jira ya ɗauke, yana jira su gama. Zabo yana can yana bushewa a murhu. Ni a bayan danga gumi ya jiƙa mini riga. In fito in yi bayani, an ce ba ni da kunya. Na yi ta ɗaga wa tsohon hannu, shi ko ya kafe ido a sama kamar soja a fareti.

Can baffa ya ce alhamdu lillahi, ya shafa, ya miƙe, ya dubi kuku.

"Baba, Allah ya ƙara buɗi. A gaida malamin, a ce mun gode. Halin da ake ciki ba shi kaɗai ba ne."

Sai a lokacin kuku ya tuna yana da baki. "Ranka ya daɗe, ai akwai sauran abinci a ciki."

"A'a, mun ƙoshi. A bar wa mutanen gida."

Dattijon da ya riga ya yi hamdala ba ya komawa ya zauna kamar mayunwaci. Suka fita, aka ce an gan su a rumfar mai ɗanwake sun tanƙwashe ƙafa.

Sauran faranti shida ni na ci su, kuma tsohon bai yarda an tsallake ko ɗaya ba. Zabon ya yi daɗi, ba zan yi masa ƙarya ba, amma hankalina yana Toranke, don ina son yarinyar nan ƙwarai.

Bayan kwana biyu wani maƙwabcinsu ya zo da jaki ya yi sallama, ya sauke dami biyu na gero a ƙofar gidana. Ya ce baffa na gaisuwa, ya ce in yi haƙuri ba yawa, in riƙa samun na kunu. Maganar yarinya kuma a dakata tukuna, sai Allah ya hore mini.

Kafin damina ta sauka aka ɗaura mata aure da wani manomi a Kademi, wanda bai taɓa riƙe cokali ba, amma rumbunsa uku.