Malam Haruna Basarke da Ruwan Nansha

Ranar Asabar bayan Azahar, ina kasuwar Canaan a Guangzhou ina duba riguna, wayata ta yi ƙara. Lao Chen ne, wani tsohon Basine da suke fatsa tare da Malam Haruna. Turancinsa kaɗan ne, Sinancina kuwa na ciniki ne kawai. Ya ambaci sunan Malam sau biyu, sannan ya ce "meyo", kalmar da mai shago ke faɗa maka idan kaya sun ƙare. Na tambaye shi ko ya rasu ne. Da ƙyar na gane cewa sandar fatsarsa da jakarsa suna kan duwatsu, shi ne ba a gani ba.

Na kira Alhaji Isufu, mutumin Maradi da muke hawan bene ɗaya da shi a unguwar Dengfeng, muka kama jirgin ƙasa zuwa Nansha, inda kogi ke haɗuwa da teku. Tafiyar ta fi awa guda. Sau uku matar Malam, Yaya Hauwa, tana kirana daga Yawuri, don kullum Asabar yakan tura mata hoton abin da ya kama. Ina kallon wayar har ta katse.

Shekara tara muka yi ɗaki ɗaya da Malam. Yadi yake saye yana turawa gida, amma Basarke ne, ɗan gidan masunta, a bakin kogin Kwara ya tashi. Idan sanyi ya shigo, sa'ad da kowa ke neman bargo, shi lokacinsa ya yi, domin a nan ne kifin da Sinawa ke kira luyu yake matsowa gaɓa. Sandarsa siririya ce, zarenta kamar gashi. Ba ya sa ƙoto. Gashin zakara yake karɓowa wurin masu yanka, ya zauna da tabarau yana ɗaura shi a ƙugiya har ya yi kama da ɗan kifi. Na taɓa yi masa tsiya cewa jikan masu taru ya koma wasa da tsinke. Ya yi murmushi ya ce, "Zare siriri shi ke nuna halin mutum. Mai gaggawa ya tsinka, mai sakaci ya rasa." Ƙananan kifi kuwa mayar da su yake yi. Manyan ya gyara da hannunsa, ya kai wa duk baƙon da ya ji ba shi da lafiya a unguwa.

Sau ɗaya na bi shi, bara. Kafin ya haɗa sanda sai da ya duba lokacin cikowar teku, ya nuna mini wani dutse ya ce da zarar ruwa ya taɓa shi za mu fita, ko da kifi yana bakin ƙugiya. Haka aka yi. Kifi ya kama, sanda ta lanƙwashe, ina ta roƙonsa ya ƙara minti biyu, ya sa haƙori ya datse zaren. Na yi fushi har muka hau tudu. Da na waiwaya, inda muka tsaya ya zama ruwa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Bakano, ruwa ba ya jiran a gama magana."

Shi ya sa a cikin jirgi nake ta gaya wa kaina cewa mutum irin wannan ba ya nutsewa.

Mun tarar da jami'an ceto a kwale-kwale, da wata dattijuwa lulluɓe da bargo tana rawar sanyi. Lao Chen ya yi magana a wayarsa, ta fassara mana. Ashe dattijuwar tana tsintar ƙaguwa ne, laka ta riƙe ta har cinya, ruwa kuma ya juyo. Malam ya riga ya hau tudu. Ya ajiye sanda, ya cire rigar sanyi, ya ja wani katako ya koma. Ya kwanta a kai ya zaro ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ya tura ta kan katakon zuwa duwatsu. Kafin Lao Chen ya dawo da igiya, lakar ta kama Malam, ruwa ya kai ƙirji.

Muka tsaya a iskar nan har La'asar ta wuce, teku ya fara janyewa. Can wani jami'i ya ɗaga hannu, alamar an ga gawarsa. Alhaji Isufu ya riƙe kafaɗata ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Dattijuwar ta durƙusa a laka, babu wanda ya iya tayar da ita.

A nan na kira Yawuri. Na ce, "Yaya Hauwa, ki zauna." Ta ce, "Ruwa ne?" Na ce ruwa ne, amma ran wata ya ceto. Ta ce to, ta gode wa Allah, sai muryarta ta karye.

Mun yi masa sutura a nan Guangzhou, mutanen Kano da na Nijar da na Gana, Lao Chen yana tsaye daga gefe da hularsa a hannu.

Allah ya jiƙan Malam Haruna, ya gafarta masa kurakuransa, ya rubuta shi cikin shahidai, ya haskaka kabarinsa a wannan ƙasa mai nisa. Allah ya ba Yaya Hauwa da 'ya'yansa huɗu haƙurin wannan rashi, ya zama gatansu, ya raya su bisa halin mahaifinsu. Mu kuma, idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.