Garken Ɓerayen Baffa

Shekarar da nake karatun digiri na uku aka shiga yajin aiki a jami'armu, aka ce za a kulle ɗakin dabbobi, kowa ya san yadda zai yi da nasa. Ni nawa ɓeraye ne, farare tas, guda ashirin, kuma sati shida ke nan ina yi musu allura kullum da hantsi. Saura sati biyu aikin ya kammala, idan kuwa na tsaya, shekara guda ta tafi a banza. Sai na lulluɓe keji biyu da zannuwana, na ce wa direba zomaye ne, na nufi garinmu, wani ƙauye a bayan Gwiwa. Matar da ke gefena ta toshe hanci ta ce zomayen nan nawa warinsu daban ne. Na ce mata 'yan ƙasar waje ne.

Aikin nawa ba shi da wuyar faɗi. A jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙananan gurabe da magani ke zuwa ya maƙale, kamar makulli a kwaɗo, sai ya maƙale sannan mutum ya ji aikinsa. So nake na ga abin da ke samun waɗannan gurabe idan an daɗe ana shan tiramol, na gane dalilin da mai shan ƙwaya ɗaya yake wayar gari uku ba sa isarsa. Ɓeraye goma ina yi musu allurar maganin, goma kuma ruwan gishiri ne zalla, don in sami abin kwatantawa. Na maganin na shafa musu jar tawada a wutsiya, na ruwan kuma shuɗiya. Duk bokona a kan wutsiyar nan yake rataye, don ni a idona ɓera ɓera ne.

Da Inna, mahaifiyata, ta ɗaga zanen, sai da ta yi salati sau uku. Ta tambaye ni ko wannan ne karatun da aka shekara ashirin ana yi, alhali ga irinsu nan cike da rumbu kyauta. Ta ce ba dai a tsakar gidanta ba. Aka ba ni tsohon ɗakin ajiya da ke kusa da turke.

Baffa kuwa, mahaifina, bai ce komai ba, dama ba ya cewa. Ni ce 'yar fari, kuma mu gidan makiyaya ne, don haka tun da aka haife ni sunana bai taɓa fita daga bakinsa ba. Ina zaune a gabansa zai juya ya ce wa Inna ta tambayi waccan ko ta ci abinci. Shekara biyu kafin nan ciwon gwiwa ya sa ya sallama ragowar shanunsa, ya koma zaman zaure da rediyo. A rana ta uku da zuwana na tarar da shi tsugune a gaban keji, ya ƙura musu ido. Kafin sati ya cika ya fara ba da shawara, da farko ga bango, daga baya gare ni: wancan ba ya cin abinci sosai, wannan mai cin zali ne, shimfiɗar tasu ta jiƙe. Ba zan ɓoye ba, daɗi ya kama ni. Na kusa shekara talatin ban taɓa yin magana da shi da ta wuce gaisuwa ba, sai ga ɓeraye sun haɗa mu hira. Shi ya sa na kasa buɗe baki na ce kada ya taɓa su, kuma wannan laifina ne.

Ranar da abin ya faru, na yi musu allura na tafi Kazaure sayo abincinsu da sirinji. Na dawo da la'asar na tarar da kejin biyu an wanke su fes an shanya a rana. Ɓerayena ashirin suna cikin rabin duro guda, suna hawa kan juna, wutsiyoyinsu sai ƙyalli suke. Baffa yana tsaye a gefe da tsumma a hannu, fuskarsa cike da jin daɗi. Ya ce ya daɗe yana lura da jan nan a wutsiyarsu, ya tabbata ciwo ne, don haka ya shafa musu man shanu ya goge. Da ya gama kuma ya ga bai dace a yi wa wasu a bar wasu ba, sai ya bi sauran.

Ni mai saurin fushi ce, ɗalibaina na yanzu za su ba da shaida. Amma Baffa ba a ɗaga masa murya. Na zaga bayan ɗaki na cusa gyale a baki na yi kukana, na yi wa wata buta da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba shuri, sannan na dawo na durƙusa.

"Baffa, yanzu ban san na magani da na ruwa ba."

"Ke ce ba ki sani ba," in ji shi.

Ya sa hannu a duron yana ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, wannan dama, wancan hagu, ko tsayawa tunani ba ya yi. Kafin mai alwala ya gama alwalarsa ya raba su goma-goma.

Ban yarda ba, don an koya mini kada na yarda. Da ya tafi masallaci na ɗiga wa na dama tawada a ƙarƙashin ciki, inda ba zai gani ba, na sake gauraya su, na ce masa ƙofar keji ce ta buɗe. Ya raba su yadda ya yi da farko. Da safe na sake, na sake ɗora wa ƙofa laifi. Ya raba, ya dube ni ta gefen ido, ya ce ƙofar nan dai ta cika son gwada mutane. Na sunkuyar da kai kamar ban ji ba. Sai na yi gwajin ƙarshe, na hana kowa allura a ranar. Kafin azahar goman da ya ware dama suka fara karkarwa suna kaɗa haƙora, sauran goman suna ta barcinsu. Ko ɗaya bai kuskure ba.

Na tambaye shi yadda aka yi ya gane.

"Waɗannan in hantsi ya yi sai su taso bakin ƙofa suna jiranki, kamar shanun da suka saba da kanwa. Kwanan nan ma tun kafin lokaci suke tasowa. Waɗancan ko kallonki ba sa yi."

Babi guda nake ta faman rubutawa a kan wannan magana.

Duk da haka na san aikin ya mutu. Ɓerayen sun sha mota, sun gauraya, sun sha man shanu, sun tsallake allura, kuma shaidata ɗaya ita ce idon mahaifina. Na hau tudun da waya ke kamawa na gaya wa farfesan da ke duba aikina komai. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi kam ya fi amincewa da Baffa a kan tawadata, amma babu mai jarrabawar da zai karɓa. Sai dai mu sake daga farko idan an koma.

Na sauko da niyyar gaya wa Baffa. Daga bakin zaure na jiyo shi yana ba maƙwabta labari, yana cewa aikinmu saura kwana kaɗan ya ƙare. Aikinmu ya ce. Na fasa gaya masa, na wuce cikin gida. Kwanakin da suka rage na riƙa rage wa goman nan magani a hankali don kada su wahala, shi yana riƙe mini su, ni ina cika littafi da lambobin da ba za su amfani kowa ba.

Bayan shekara biyu na kawo kundin digirin gida, da baƙin bangonsa. Baffa ya wanke hannu kafin ya karɓa, ya ce na nuna masa inda namu suke. Na buɗe wani shafi mai ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo ɓera guda, amma wasu ɓeraye ne daban da bai taɓa gani ba. Ya bi su da yatsa yana ƙirgawa har ashirin.

"Sun cika," ya ce. "Da na bar su da ciwon nan a wutsiya, da ba su kai ba."

"Haka ne, Baffa."

Yau ni ce nake mayar wa ɗalibai da aikinsu saboda ƙaryar da ba ta kai rabin wannan ba, amma tawa ban gyara ta ba, kuma ba ni da niyya. Baffa yana nan da ransa, kundin yana cikin akwatinsa a ƙarƙashin babbar rigarsa ta Sallah. Duk mutumin Gwiwa da ya karanta wannan, don Allah ya rufa mini asiri.