Mai Gas, Wanda Inna Ke Kira "Ɗana"

Ina da wani ɗan hali, gara in faɗa da bakina kafin matata ta riga ni: idan ana yabon mutum a gabana, sai tari ya sarƙe ni. Tun da Mai Gas ya ce zai ajiye sifana ya huta, ni ban huta da tari ba.

Kullum da hantsi yake buɗe rumfarsa a bakin kasuwa, ya shimfiɗa buhu, ya kwance janareto, ya ɗaura masa tiyo da tukunyar gas, injin da ya saba shan fetur ya koma shan gas. Sannan ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, ya tsuguna yana kallo. In kumfa ta taso, akwai yoyo, sai ya sake ɗauri. Shekara da shekaru haka. Yakan ce gas ɗin da ake ƙonawa a banza a bakin rijiyoyin mai ya isa ya haska kowane lungu, in da za a dura shi a tukwane.

Ni kuwa a tashar jiragen ruwa nake aiki, inda muke lodin ɗanyen mai zuwa ƙasashen waje. Shi ya sa a unguwa ake ce mini Mai Mai. Da fetur ya yi wuya, Mai Mai ya wuni a layi, ya dawo da jarka fayau. Ga wuta an ɗauke, firjin Inna ya huce, allurarta ta ciwon suga kuma ba ta jure zafi. Na tsaya a tsakar gida ina yi mata bayanin kasuwar duniya. Mai Gas ya shigo da tiyo a kafaɗa, ya nufi janaretonmu. Kafin in kai ƙarshen bayanina, firji ya soma gurnani.

Inna ta ce masa, "Sannu, ɗana." Ni da ta haifa, cewa ta yi in matsa, ina tare masa haske.

Mai niƙa ta shaida injinta bai ƙara kwana babu aiki ba. Tela ya ce har yau bai taɓa jin warin gas a shagonsa ba. Na so in sami wanda zai kushe shi, na zagaya unguwa kaf, na dawo da ciwon ƙafa.

Mai Gas, kai ne mai tiyo da sabulu. Mu muna tura arziki teku, kai kana tsuguno kana juyo da shi cikin gida. Kai ne ka koya wa rabin makanikan kasuwa aikin nan ba ka ɓoye komai ba, abin da ni ko lambar wayar mai gyaran famfo ba na bayarwa.

Mun gode, Allah ya ba ka hutu mai albarka. Masu hannu su koyi aikinka, masu sa hannu irina su bar wa gida rabonsa kafin a cika jirgi.

Inna ce ta ce in rubuta wannan. Ta kuma ce in na gama in kai masa ya duba, ko akwai yoyo.