Karon Tumatir a Ajin Malam Uzairu

A Bukuru aka haifi Malam Uzairu, a gidan wani tsohon leburan kuza. Ya yi karatun Fiziks daidai gwargwado, ya samu koyarwa a wata sakandare da ke bayan mayankar Abattoir a Jos, inda iska ke kawo wa ɗalibai labarin kowace saniya da aka yanka. Shekara da shekaru yana malamin wucin gadi, ƙungiyar iyayen yara ce ke riƙe da shi. Abu ɗaya yake jira: sufeto ya zo ya ga darasinsa, a ɗauke shi aiki na dindindin. Matarsa Tabawa har ta gaji da tambaya.

A 2005 ya shiga wani kafe na intanet a Terminus, ya fito da ciwon da bai warke ba. Ya karanta cewa a Amurka ana harba tsakiyar ƙwayoyin zarra na zinariya da gudu kusan na haske, su yi karo, su narke su zama wani abu mai zafin da ya ninka na cikin rana sau dubbai. Masana sun zaci zai watse kamar hayaƙi, sai ga shi yana malala kamar ruwa. Wai haka duniya take a farkon farawa. Mutumin da risho ɗin gidansa sai an yi masa fifita yake kamawa, shi ne ya zama wakilin wannan zafi a Jos. Ka ce masa "Ina kwana", ya ce maka "Ka san kwak?" Kwak ɗin nan su ne 'yan mitsi-mitsin da ke sakin juna idan abin ya narke. Mu malamai muka koma shan shayi a tsaye don gudunsa.

To, makarantarmu tana da tsarinta na ranar sufeto. Darasin da aka riga aka koyar shi ake maimaitawa. In an yi tambaya kowa ya ɗaga hannu: wanda ya sani dama, wanda bai sani ba hagu, malami kuma ya zaɓi dama. Shugabar makaranta, Madam Roseline, ta zaɓar masa darasin lilo, wato dutse a bakin zare.

"Malam, lilo kawai," in ji ta. "Ban da Amurka."

"In sha Allahu, Madam."

Ranar ta zo. Sufeto Mista Dachung ya zauna a gaba cikin farin kaftani. Sai Malam Uzairu ya kwance duwatsun, ya ɗaura manyan tumatir biyu da ya sayo a Farin Gada.

"Wannan zinariya ce, wannan ma zinariya ce. Ku dubi farkon duniya!"

Ya ja su baya ya saki. Suka wuce juna ko gaisawa ba su yi ba. Ya sake, da ƙarfi. Zare ɗaya ya tsinke, zinariya ta sauka a ƙirjin sufeto ta malala.

"Ranka ya daɗe, ai can ma yawancinsu kuskuren juna suke yi," in ji Malam Uzairu, har da murmushi.

Mista Dachung ya goge kaftani, ya juya ga yara. "Wa zai faɗa mini abin da aka koyar yanzu?"

Hannaye suka tashi gaba ɗaya, kamar yadda aka horar da su. Sufeto ya bi su da kallo layi-layi. Shi ma ai ya taɓa riƙe alli.

"Malam Uzairu, duk hagu ne fa."

Madam Roseline ta dubi silin.

Ba a ɗauke shi ba. Da zangon ya ƙare aka miƙa ajinsa ga malamin aikin gona, wanda bai san kwak ba kuma bai yi niyya ba. Yanzu Malam Uzairu yana kasuwar Katako, yana auna katako a shagon wan Tabawa. Na je sayen falanki kwanaki, na ce, "Malam, ya bayan rabuwa?"

Ya ajiye tef ɗin awo ya matso. "Na yi tunani a kan abin nan. Zaren ne ya yi siriri."

"Uzairu!" surukin ya daka masa tsawa daga ciki. "Kwastoma na jira!"