Aminullahi, Ranar da Kwamfuta Ta Ƙi Faɗuwa a Gabanka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, goma sha biyu ga watan Rajab, Allah ya karɓi ran Malam Aminullahi Ɗangiwa, mai gyaran kwamfuta kusa da tashar mota a Tambuwal. Jinyar ba ta yi tsawo ba. Labarin ya iske ni a Kebbe ina tankaɗe. Ɗiyata Raliya ce ta bugo waya, sai da ta nisa sannan ta iya faɗin sunan.

Aminullahi, ni ba danginka ba ce, kuma zamana da kai a duniya bai cika yini guda ba. Sai da na aurar da 'ya'ya sannan na zauna ajin manya na koyi karatun boko, har yau hannuna a hankali yake tafiya. Amma na ga wani abu a wurinka, idan na yi shiru da shi na ci amana.

Daminar bara waccan Raliya tana shekarar ƙarshe a makarantar koyon zanen gine-gine. Ta dawo gida haihuwar fari kamar yadda muke yi, ta sauka lafiya, ta shiga wankan jego. Aikin kammala karatunta, zanen ɗakin haihuwa na ƙauye, yana cikin kwamfutarta ta tafi-da-gidanka. Malaminta ya ɗaga mata ƙafa zuwa ƙarshen wata. Idan ta wuce, sai baɗi. Mutane suna faɗin baɗi kamar gobe ce. Ni na san baɗi. Da ita aka yi ta ba ni haƙuri a kan karatu tun ina yarinya har furfura ta fito. Ga goyo, ga miji yana jira, na tabbata idan Raliya ta ajiye wannan karatu ba za ta sake ɗaukar sa ba.

A nan kwamfutar ta fara halinta. Tana kunnuwa lafiya, tana rubutu lafiya. Amma da zarar Raliya ta buɗe zanen ta fara juya ginin don ta duba bayansa, sai komai ya tsaya cak, fuskar ta yi baƙi, wani lokaci ta koma shuɗiya da farin rubutu, ta mutu ta sake tashi. Abin da aka zana tun safe ya tafi. Na taɓa ƙasanta na ji ɗumi, na ce zafi ne. Muka mai da wurin aikin kusa da randa inda ƙasa ke da sanyi. Nakan zauna da mafici, in yi wa jariri fifita, in juyo in yi wa kwamfuta. Ko a jikinta.

Mai gyaran waya na kasuwarmu ya gaya mini gaskiya. Ya ce abin da ya iya shi ne ya goge komai ya zuba sabo, amma yana tsoron manhajar zanen da aikin da ke ciki. Shi ya ambata mini sunanka. Mai jego ba ta fita, mahaifinta kuma yana gona da shanu, huɗa ba ta jira. Na naɗe kwamfutar a leda, na naɗe ledar a zane, na rungume ta a kan babur ɗin kabu-kabu. Kowane rami muka faɗa sai in ce shi ke nan ginin ya rushe a ciki.

Na same ka kana cin gyaɗa a ƙofar shago. Ka miƙe ka ba ni kujerarka, ka sa aka kawo ruwa, ka gaishe ni gaisuwa mai tsawo kamar ba abin da ke ƙonewa. Sannan ka ce, "Mi yas same ta, Inna?"

Na ce, "Faɗuwa takai, ɗana. An ce a goge ta, ni kuwa karatun ɗiyata na ciki."

Ka yi dariya ka ce, "Saniya ta yi ɗingishi sai a ɗauko wuƙa? Ƙafar za a duba."

Kafin komai ka kwafe aikin Raliya a wani ɗan abu kamar yatsa, ka danƙa mini, ka ce in ƙulle a bakin zane. Tun a nan numfashina ya fara dawowa. Sai ka gaya mini ƙa'idarka, wadda daga baya na ji duk Tambuwal ta san ka da ita. Ba ka taɓa cikin kwamfuta sai ta yi ciwonta a gabanka, kuma mai ita ne zai sa ta. Ka ce labarin ciwo daban, ganin ciwo daban.

Ita kuwa ranar nan ta ƙi. Ka kunna ta, ta tashi garau. Ka buɗe hotuna, ka sa mata bidiyo, tana ta aiki kamar sabuwa. Duk uwa ta san wannan. Yaro ya kwana yana zafi, ana shiga gaban likita sai ya fara wasa da takalmi. Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya fi kunyar, don na ga za ka ce in koma da ita lafiyarta lau. Ba ka ce haka ba. Ka turo ta gabana ka ce, "Abin da nika so, Inna, ki yi daidai abin da mai ita ka yi."

Ban taɓa sa yatsa a kan maɓallanta ba sai don share su. Muka kira Raliya, ka buɗe muryar wayar kowa na ji. Tana cewa, "Inna, ki nemi inda anka rubuta sunana." Na bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya har na gan shi, na danna. Ginin ya fito, da rufinsa da tagoginsa. Ban taɓa kallon sa da kyau ba sai ranar, don a gida kullum tsoro nake kallo. Ta ce in danne da yatsa ɗaya in ja da ɗayan. Na gwada, ginin ya gudu gefe, ya kife, ya koma ƙarami kamar akwatin ashana. Ka ce wa wayar, "Mai jego, kwantar da hankalinki, Inna ta kusa karɓe maki aiki." Na sake gwadawa. Ginin ya fara juyawa a hankali, na ga ƙofar baya, sai ya tsaya. Fuskar ta yi shuɗi.

Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Kai kuma ka tafa hannu kana cewa, "Alhamdu lillahi, ta faɗi!" Atu tela, maƙwabcin shagonka, ya leƙo da almakashi a hannu yana tambaya ko haihuwa aka yi. Ka ce, "An haihu tun tuni, Atu, yau faɗuwa muka wa murna." Ya ce shi dai ya daɗe da sanin akwai abin da ke damun wannan shago, ya koma kan kekensa.

Ka ɗauki hoton farin rubutun kafin ya ɓace, ka nuna mini layin da ya faɗi sunan mai laifin. Ka ce a cikin kwamfuta akwai ɓangaren da aikinsa fitar da hoto. Akwai kuma ƙaramar manhajar da ke haɗa shi da sauran na'urar, ku masu sana'a kuna ce mata direba. Ranar da Raliya ta haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarta, kwamfutar ta sauko wa kanta da sabuwar direba, wadda ba ta dace da tsohon ɓangaren ba. Ka ce kamar a ɗaura wa sa karkiyar da ba tasa ba ne. A miƙe zai tafi lafiya, sai an zo juyawa a ƙarshen kunya ya durƙusa. Matar manomi ce ni, nan take na gane.

Ka tashe ta wani irin tashi da komai ya fito manya-manya babu kyan gani, ka ce kada in tsorata, kayan ado ta tuɓe. Ka cire sabuwar manhajar ƙarƙaf, ka nemo wadda masu ƙera kwamfutar suka yi wa irinta, ka sa, ka hana ta sake canzawa da kanta. Aka kira Azahar kana tsakiyar aiki, ka rufe kwamfutar, ka raka ni gidan wata dattijuwa na yi salla. Da muka dawo ka ce in juya ginin. Na juya shi dama, na juya shi hagu, na ɗaga shi na kalli ƙasansa, na shiga ta taga na fita ta ƙofa. Bai faɗi ba. Ka ce in ci gaba har sai ni na gaji. Na gaji kuwa, ina dariya hawaye na zuba.

Kai ka zaɓo mini mai babur da ka yarda da shi. Kafin Magariba ka kira, ka tambayi isata, ka tambayi jariri, sannan ka tambayi kwamfuta.

Raliya ta miƙa aikinta a kan lokaci, ta ci, yau tana aiki da masu gini a Sakkwato. Kullum tana cewa za ta zo ta gaishe ka ido da ido, don muryarka kaɗai ta sani. Allah bai nufa ba.

Mun zo gidanku gaisuwa ni da ita, yaron yana tafiya da ƙafarsa. A can na gane ba ni kaɗai ba ce. Matar wani mai ɗaukar hoton biki daga Dogon Daji ta ce saura kaɗan mijinta ya bar sana'a, kai ka zauna da shi har na'urarsa ta nuna ciwonta. Wata malama daga Sanyinna ta ce ka je makarantarsu ranar kasuwa, ka bar cinikinka, don kwamfutocin da yara ke gwajin jarrabawa suna ta ɗaukewa. Kowa ya fara labarinka da kuka, ya ƙare da dariya. Mahaifiyarka Inna Yelwa tana saurare tana gyaɗa kai, ta ce tun kana yaro ba ka yarda a jefar da abu.

Da za mu fito, matarka Mardiya ta raka mu ta bayan gida. Nan muka ga harsashin ɗakunan da ka fara wa iyalinka, bulo ya kai gwiwa, ciyawa ta fito a tsakiya. Raliya ta tsaya tana kallo. Ta miƙo mini yaron, ta taka harsashin daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta ce wa Mardiya bayan takaba za ta dawo da abin awo, zanen da duba aikin nata ne har a sa rufi.

Ya Allah, bawanka Aminullahi ya zo gare ka. Ya yi haƙuri da masu tsoro, ya saurari wanda bai iya bayani ba, bai gaggauta yanke hukunci a kan abin da bai gani ba. Ka yi masa da sauƙi fiye da yadda ya yi mana. Ka yafe kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Yelwa, da Mardiya, da 'ya'yansa Ziyad da Hamdiya, da Atu da sauran maƙwabtansa na tasha, da mutanen Tambuwal baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari, ya sa ku kwana a ƙarƙashin rufin da ya yi muku niyya. Mu kuma idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Bara'atu Namadi, Kebbe