Taswirar Burtalin Guci

Gajere dogo ne, kuma tun yana ƙarami ba ya son sunan, sai dai a Guci in aka liƙa maka suna da shi za a binne ka. Ɗan Malam Adamu ne, gidan kiwo da noma. Shi kaɗai a cikinsu ya jure lakwal, wato makarantar boko, daga Guci zuwa Magarya har Damagaram, inda ya koyi zanen taswirar ƙasa. Ya dawo da takardar shaida da kuma saurin fushi, ko da yake fushin da shi ya tafi.

Shekara uku yana tara kayan wata ƙatuwar kwamfuta, yau wannan daga Kano, gobe wancan, har ta tashi. A Guci babu wutar da za ta riƙe ta, don haka ya girke ta a Magarya, a ɗakin kakarsa Ya Kaka. Ya kuma sayi wata 'yar ƙarama ta gwanjo, murfinta ɗaure da roba. Ita kanta ba ta tsinana komai, amma in ya samu rezo, wato sabis na waya, sai ya shiga babbar ta cikinta, yana gindin gawo yana aiki kamar yana Magarya. Sharaɗin ɗaya ne, babbar ta zauna a kunne. Ya faɗa wa tsohuwa ya fi sau ashirin.

"Na ji, maigidan," in ji ta. "Ni me zan yi da madubinka?"

Abin da ke cin ran Gajere shi ne burtali, hanyar da shanunsu ke bi zuwa tafki. Wani Alhaji Rabe, mai gona a gefe, kowace damina sai ya ƙara kunya biyu ko uku a ciki, har hanyar da garke ke wucewa a sake ta koma sai saniya ɗaya-ɗaya. Bana ya share ragowar. In an yi magana ya ce a kawo shaida, kamar idon dattawa ba shaida ba ne! Gajere ya nemo masa ita: hotunan sama na shekara goma sha biyar, masu nauyin da sai babbar kwamfuta ke buɗe su.

Aka sa ranar zama a ƙofar mai gari, da wakilin hukuma. Kowa ya san dole a gama kafin ruwan farko, don in iri ya shiga ƙasa babu mai tuge gero, magana sai baɗi. Malam Adamu ya ce a buga hotunan a takarda. Gajere ya ce takarda ba ta motsi, shi so yake jama'a su ga gonar tana cin hanya shekara bayan shekara. Nan ya yi wauta, kuma ba zan rufa masa asiri ba.

Ranar, bayan azahar, ya buɗe 'yar kwamfutarsa a kan tabarma. Hoton farko ya fito, burtali fetal. Dattawa suka matso, Alhaji Rabe ya fara gyara hula. Gajere ya danna na biyu, allo ya daskare, sannan ya yi baƙi.

Ya duba rezo, lafiya lau. Ya kira Ya Kaka, waya a kashe. Ya sake kira, gumi na bin bayansa.

"To, malamin ordinata," in ji Alhaji Rabe, "shaidar taka ta tafi salla ne?"

Aka kwashe da dariya. Kafin Gajere ya mayar da martani iska ta taso, ƙamshin ruwa ya cika wurin. Wakilin ya hau babur, manoma suka watse neman sungumi. Ko wanda ya ce a sake sa rana ba a samu ba.

Washegari ya hau kabu-kabu cikin taɓo har Magarya. Ya tarar an zare waya daga bango, an lulluɓe allon da zane, kamar yadda aka lulluɓe madubin ɗaki.

"Ya Kaka, me na ce miki?"

"Hadari na hango a gabas. Wa ke barin madubi buɗe ga kuran, wutar nan taku, na gudu ana walƙiya? Har wayata na kashe. Kai dai ka ce na gode, miji marar godiya."

Ya so ya yi ihu, ya so ya fasa wani abu. Amma wa zai yi wa? Tsohuwa ce da ke ganin ta cece shi. Ya yaye zanen, ya mayar da wayar a bango, ya danna maɓalli ɗaya, abin da ya kawo shi ke nan duk tsawon hanyar. Hotunan suka fito tas, su goma sha biyar.

Ya kira mahaifinsa ya ce komai ya dawo, a tara mutane. Ta cikin wayar yana jin kukan shanu da haki irin na wanda ya sha tafiya.

"Wa zan tara?" in ji Malam Adamu. "Tun asuba Alhaji ya shuke wurin. Mun zagaya ta bayan tudu, har yanzu ba mu kai ruwa ba, kuma jar saniyar nan mai ciki ta kwanta."